Fashin Baƙi: Na Biya Kuɗin Shafin Intanet, Me Ya Sa Mai Tsara Shi Yake Ta Nemana?

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara haɗa shafin intanet cikin 'yan mintuna, wata tsohuwar muhawara ta dawo sabuwa fil. Masu kamfanoni da shugabannin ƙungiyoyi suna tambaya: idan na'ura za ta iya fito da shafi daga jimla biyu, me ya sa mutumin da na ɗauka, na kuma biya shi, yake kirana zama kowane mako, yana neman rubutu, yana neman hotuna, yana yi mini tambayoyin ƙwaƙwaf? Ashe ba don in huta na ba shi aikin ba? Su kuma masu tsara shafuka kukansu daban ne. Mai aiki zai ce "ka yi mini mai kyau kawai, na yarda da kai", ya ɓace wata biyu, ranar da aka nuna masa ya girgiza kai ya ce ba haka yake so ba.

Tambayar da ke gabanmu ke nan: shin tsara shafin intanet aiki ne da ake bayarwa a juya baya sai ranar karɓa, ko kuwa dole mai shi ya sa hannu a ciki? In kuma dole ne, a ina ya kamata hannun nasa ya tsaya?

## Su wane ne a cikin aikin, kuma me ake nufi da haɗin kai?

Mai tsara shafi shi ne wanda ke yanke shawarar yadda shafin zai kasance a idon mai ziyara da yadda zai yi aiki a hannunsa: me za a fara gani, ina za a latsa, mataki nawa ne tsakanin shigowa da biyan buƙata, wane girman rubutu da wane launi za su sa karatu ya yi sauƙi. Akwai kuma mai gina shafin, wanda ke rubuta umarnin da kwamfuta ke bi har zane ya zama abu mai aiki. A manyan ayyuka waɗannan mutane ne daban-daban, a ƙanana kuwa mutum ɗaya ke ɗauke da kayan biyu. Mai aiki shi ne wanda shafin zai zama nasa, kamfani ne, makaranta ce, asibiti ne, ƙungiyar agaji ce, ko mutum guda mai sana'a.

Haɗin kan da ake magana a kai bai ce mai aiki ya koyi sana'ar ba, bai kuma ce ya ja kujera ya zauna a bayan mai tsarawa yana nuna masa allo da yatsa ba. Abin da ake nufi shi ne kowannensu ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi, ya kawo shi a kan lokaci, sannan a san wanda ke da ta cewa a kan kowace magana. Batun lokacin nan ne mutane suka fi rainawa. Bayanin da zai ɗauki minti biyar a makon farko, idan aka riƙe shi sai watan ƙarshe, yana iya rushe aikin makonni, domin an riga an ɗora abubuwa da yawa a kan tubalin da za a zare.

## Ilimin da ake buƙata ya rabu gida biyu

Tushen maganar duka shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya san abin da ya isa a gina shafi mai amfani shi kaɗai.

A ɗauki asibiti a matsayin misali. Mai tsarawa, in an bar shi, zai sa hoton ginin a sama, ya biyo da tarihin asibitin, da jawabin shugaba, domin haka ya saba gani. Bai san cewa yawancin masu kiran wayar asibitin tambaya ɗaya suke yi ba, wato wace rana likitan ido ke zama, kuma shin sai da takardar wani likita ake ganinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin lura ma shi ne sau da yawa ba shugaban ne ya san wannan ba, ma'aikaciyar da ke amsa waya ce. A ganina babu wanda ya fi ta amfani a zaman farko da mai tsara shafi, amma da wuya a gayyace ta. Duk wanda ke shan tambayoyin jama'a kullum, ko a bakin ƙofa ko a waya ko a akwatin saƙonni, yana ɗauke da taswirar shafin a kansa ba tare da ya sani ba.

A ɗaya ɓangaren, mai aiki yana kallon shafinsa ne a babbar kwamfutar ofis mai intanet mai sauri, alhali fiye da rabin ziyarar shafuka a duniya yanzu ta wayar hannu ake yin ta. Tun 2010 wani mai tsara shafuka ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya fito da hanyar da shafi ɗaya zai riƙa daidaita kansa da girman kowane allo, kuma ita ce ta zama ƙa'idar sana'ar. Google ya sanar a 2016 cewa zai koma auna shafuka da yadda suke a waya kafin ya jera su a sakamakon bincike, ya kuma kammala wannan sauyi a 2023. Daga watan Yuli na 2018 manhajar Chrome ta fara liƙa wa duk shafin da bai da kariyar HTTPS, wato tsarin da ke ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin mai ziyara da shafi, gargaɗin cewa ba shi da tsaro. Mai aiki ba lallai ya san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Amma idan ya nace a sa bidiyo mai nauyi ya riƙa tashi da kansa a shafin farko, wanda zai gaya masa cewa mai ƙaramar waya zai fice kafin shafin ya gama buɗewa shi ne mai tsarawa. In ya yi shiru don kada ya ɓata wa mai biyansa rai, ya ci amanar aikin.

## Daga ina tunanin yin aiki tare ya samo asali?

Shafin intanet na farko, wanda Tim Berners-Lee ya kafa a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, ya fito fili a 1991, kuma rubutu ne zalla da 'yan mahaɗai. Da kamfanoni suka shigo harkar, sai suka ɗauko salon kwangilar da suka sani: a rubuta duk abin da ake so a takarda mai kauri, a sa hannu, ɗan kwangila ya tafi, bayan wata shida ko shekara ya dawo da kaya. Wannan salo yana aiki a inda mai saye ya san ainihin abin da yake so tun farko. A harkar manhaja da shafuka kuwa mutane ba sa sanin abin da suke so sai sun gan shi yana motsi a gabansu. Gani ya kori ji.

A watan Fabrairu na 2001 wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwar da aka sani da sunan Agile. Cikin abubuwa huɗu da suka fifita akwai cewa yin aiki tare da mai aiki ya fi jayayya a kan sharuɗɗan kwangila muhimmanci, kuma karɓar sauyi ya fi bin tsari ido rufe. Ba su ce kwangila ba ta da daraja ba, sun faɗi ƙarara cewa tana da ita. Abin da suka kawo shi ne a riƙa yin aikin gutsure-gutsure, a nuna, a ji ra'ayi, a gyara, a ci gaba.

Kayan aikin ma sun bi wannan hanya. WordPress, manhajar gina shafuka wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, yau tana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, kuma abin da ya ɗaukaka ta shi ne mai shafi yana iya sauya rubutu da kansa ba sai ya kira kowa ba. Figma, manhajar zana shafuka da aka buɗe wa jama'a a 2016, ta sa mai tsarawa da mai aiki suna kallon zane ɗaya a lokaci ɗaya, kowa daga inda yake, mai aiki ya ɗora yatsa a daidai wurin da bai gane ba ya rubuta tambayarsa. Uzurin nisa ya ƙare. Abin da ya rage shi ne niyya.

## Me ke faruwa idan mai aiki ya janye hannunsa?

Wani zai ce wannan matsalar ƙananan ayyuka ce, inda akwai kuɗi da ƙwararru ba a fuskantar ta. Shari'ar Hertz ta nuna akasin haka. A watan Afrilu na 2019 kamfanin ba da hayar motoci na Hertz ya kai kamfanin ayyukan fasaha na Accenture ƙara a wata kotun tarayya da ke New York, yana neman a mayar masa da dala miliyan 32 da ya biya don a sabunta masa shafinsa da manhajojinsa na waya. An ba da aikin a 2016, an sa Disamban 2017 a matsayin lokacin buɗewa, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har Hertz ya kori ɗan kwangilar a 2018 ba tare da shafin ya fito ba. Cikin zarge-zargensa akwai cewa an tsara shafin don babbar kwamfuta da waya, an tsallake matsakaicin allo na kwamfutar hannu, da aka yi magana kuma aka nemi ƙarin kuɗi. Accenture ya ce zarge-zargen ba su da tushe.

Ba sai mun yanke wa kowa hukunci ba kafin mu ga abin dubawa a nan. A takardar ƙarar, Hertz da kansa ya bayyana cewa ba shi da ƙwarewar gudanar da irin wannan aiki a cikin gida, don haka ya dogara da Accenture har a kan tantance ko abin da aka tsara ya dace da buƙata. Wato wanda ke yin aikin shi ne kuma ke duba ko aikin ya yi. Duk kamfanin da ya tsinci kansa a wannan hali, komai girmansa, ya rasa idon da zai hango matsala tun tana ƙarama.

Shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, HealthCare.gov, ya nuna wata fuskar ta daban. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 2013, ya durƙushe nan take, kuma bayanan cikin gida da suka fito daga baya sun nuna mutum 6 kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Kwangiloli masu yawa aka rarraba wa kamfanoni daban-daban, kuma 'yan kwangilar sun shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa ba a gwada tsarin gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba sai a makonni biyun ƙarshe. Rahoton da babban sufeton ma'aikatar lafiya ya fitar a 2016 ya ɗora babban nauyi a kan rashin fayyataccen jagora a ɓangaren hukumar da ta ba da aikin, da jinkirin yanke shawara. An yi ta zagin masu rubuta manhaja a lokacin, amma wani ɓangare na wannan zagi barin jaki ne ana dukan taiki.

A ƙananan ayyuka babu kotu, babu majalisa. Abin da ake gani shi ne shafin da aka biya aka karɓa, amma lambar wayar da ke ciki tsohuwa ce, kayan da aka daina sayarwa su ne a gaba, kuma fom ɗin tuntuɓa yana aika saƙo zuwa akwatin da babu mai buɗe shi.

## Idan kuma ya sa hannu fiye da kima fa?

Wannan shi ne ɗaya gefen, kuma masu tsara shafuka sun fi kuka da shi. Mai aiki ya nuna wa matarsa ko mijinta, ya nuna wa aboki, ya nuna wa 'yan kwamitin gudanarwa su bakwai, kowa ya kawo nasa. Wannan ya ce a ƙara girman tambari, wancan ya ce shuɗin ya yi duhu, wani ya ce ya ga wani shafi mai abu yana zagayawa a sama, a sa irinsa. Mai tsarawa ya karɓi saƙonni bakwai masu karo da juna, ya rasa wanda zai bi.

Maganin wannan ba wani abu mai wuya ba ne, amma yana buƙatar ƙarfin hali daga shugaba: a naɗa mutum ɗaya wanda duk ra'ayi zai bi ta hannunsa, wanda ke da ikon cewa an amince, kuma amincewarsa ta zauna. Sannan a sauya salon ba da ra'ayi. Idan mai aiki ya ce "mayar da wannan ja", ya yi aikin mai tsarawa ne, kuma mai yiwuwa ya yi shi ba daidai ba. Idan ya ce "ina tsoron mutane ba za su ga inda ake yin rajista ba", ya kawo matsala ta gaskiya, mai tsarawa kuma yana da hanyoyi da dama na warware ta, wataƙila ma launi ba ya ciki. Mai aiki ya faɗi ciwon, mai sana'a ya nemo maganin.

Akwai kuma abin da ke cinye ayyuka a hankali, wato ƙari a kan ƙari. An yi yarjejeniya a kan shafi mai sassa biyar, ana cikin tafiya sai a ce a ɗan ƙara wurin sayar da kaya, a ɗan ƙara harshe na biyu, a ɗan ƙara wurin da mambobi za su shiga da kalmar sirri. Kalmar "ɗan" ɗin nan ita ke haddasa faɗa, domin kowane ɗayansu aiki ne mai zaman kansa. Mai aiki yana da haƙƙin sauya ra'ayi, harkarsa ce, shi ya san inda ta dosa. Mai tsarawa kuma yana da haƙƙin cewa wannan ƙarin zai ɗauki mako kaza, zai ci kuɗi kaza, a zaɓa. Laifin da masu sana'ar ke yi shi ne su amsa da "to" cikin jin kunya, su tara ɓacin rai a ciki, daga baya ya fito ta hanyar jinkiri da ƙin ɗaga waya. Wani laifin nasu shi ne fakewa a bayan kalmomin fasaha idan ba sa son a yi musu tambaya. Mai aikin da aka sa ya ji kamar jahili ne a zaman farko ba zai sake buɗe baki ba, kuma da shirunsa rabin ilimin da ake buƙata ya tafi.

## Mutum na ukun da ba ya zaune a teburin

Duk jayayyar launi da tambari tana faruwa ne saboda an manta da wanda aka gina shafin dominsa. Mai ziyara ba ya cikin zaman, bai sa hannu a yarjejeniya ba, amma shi ne alƙali. Mafi girman amfanin haɗin kai, a nawa ganin, shi ne yana ba mutanen biyu damar ajiye son ransu su koma tambayar me wannan mutum yake nema. Idan aka kai nan, gardama takan mutu da kanta, domin akwai hanyar gano amsa.

Hanyar kuwa ba ta da tsada. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafuka, ya yi bayani a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum 5 kawai yana iya fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. Ana ba mutum aiki ne, a ce nemo ranar da ake buɗewa, ko yi odar kaza, sai a yi shiru a kalle shi. Mai tsarawa ya san yadda ake gudanar da gwajin, amma mai aiki ne ya san inda za a samo mutanen da suka dace, domin abokan hulɗarsa ne. Kuma ya kamata ya zauna ya kalla da idonsa. Shugaban da ya ga mutum uku a jere sun kasa gano wurin biyan kuɗi ba ya buƙatar wani dogon bayani.

Gwamnatin Birtaniya ta bi wannan tafarki lokacin da ta kafa sashenta na ayyukan dijital a 2011, ta buɗe GOV.UK a 2012 don haɗe shafukan ma'aikatu a wuri ɗaya. Ƙa'idar farko a jerin ƙa'idojinsu ita ce a fara da buƙatar mai amfani. Shafin ba shi da ado ko kaɗan, amma a 2013 ya ci kyautar tsari mafi kyau na shekara ta gidan adana zane-zanen ƙira na Landan. Akasin haka, a ƙasar dai, kamfanin kantuna na Marks & Spencer ya buɗe sabon shafinsa a watan Fabrairu na 2014 bayan ya kashe kimanin fam miliyan 150, sai dai tsofaffin abokan cinikinsa sun tarar dole su sake rajista daga farko, kuma cinikinsa ta intanet ya faɗi da kashi 8.1 cikin 100 a watanni ukun da suka ƙare a Yunin shekarar.

Cikin masu ziyarar nan akwai waɗanda ake mantawa da su gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa. Makaho yana amfani da manhajar da ke karanta masa shafi da murya, kuma idan hoto ba shi da rubutaccen bayani, a wurinsa babu shi. Akwai ƙa'idojin duniya a kan wannan, WCAG, waɗanda aka fara fitarwa a 1999, sabon bugunsu na 2.2 kuma ya fito a 2023. Har bambancin hasken rubutu da na bayansa sun ƙayyade, 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Kamfanin kantuna na Target da ke Amurka ya amince ya biya dala miliyan 6 a 2008 bayan ƙungiyar makafi ta ƙasar ta kai shi ƙara a kan shafinsa, kuma daga 28 ga Yuni, 2025 dokar Tarayyar Turai ta sauƙaƙa wa masu nakasa ta fara aiki a kan shafukan ciniki da na bankuna da makamantansu. Mai tsarawa ne ya san ƙa'idar, amma wa zai rubuta bayanin kowane hoton da za a ɗora bayan an miƙa shafin? Ma'aikatan mai aiki ne. In ba a koya musu ba, shafin da ya cika ƙa'ida ranar buɗewa zai lalace cikin 'yan watanni.

## Rubutu: inda ayyuka suka fi maƙalewa

A tambayi duk wanda ya daɗe a sana'ar abin da ya fi jinkirta aiki, zai ce rubutu da hotuna. Mai aiki yana ɗauka abu ne na yini ɗaya, sai ya zauna ya ga bayyana sana'arsa a sakin layi uku ya fi ƙarfinsa. Mai tsarawa kuma ya cike gurbin da rubutun bogi, ya yi zane mai kyau a kan kanun labari mai kalma huɗu, ranar da na gaskiya ya zo da kalma goma sha biyar komai ya wargaje. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun zaman farko ya kamata a rubuta sunan wanda zai kawo kowane rubutu da ranar da zai kawo shi, in kuma babu mai iyawa a cikin gida a ɗauki marubuci, a sa shi cikin lissafi.

## Makullan shafin suna hannun wa?

Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ƙananan masu sana'a da ƙungiyoyi, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi lokacin da ake cikin daɗin hulɗa.

Adireshin shafi ba sayensa ake yi dungurungum ba, haya ce ake sabuntawa, yawanci shekara-shekara, kuma a idon kamfanin rajista wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai shi. Da yawan masu tsarawa sukan yi rajista da sunansu da adireshin imel ɗinsu don sauƙaƙa wa mai aiki, ba da mugun nufi ba. Amma mutane suna sauya sana'a, suna ƙaura, suna rashin lafiya, suna mutuwa, wani lokaci kuma a ɓata. Saƙon tunatarwa ya tafi akwatin da mai shafi ba ya gani, wa'adi ya cika, bayan 'yan makonnin ƙarin wa'adi adireshin ya koma kasuwa kowa na iya ɗauka. Duk katin da aka buga, duk imel ɗin kamfani da ke rataye da wannan adireshi, sun tafi tare da shi. Saboda haka adireshin ya kasance da sunan mai aiki tun ranar farko, haka ma asusun kamfanin da ke ba shafin masauki, da kalmar sirrin babban mai gudanarwa. Mai tsarawa a ba shi nasa izinin shiga daban, wanda za a iya janyewa. Mai sana'ar kirki shi da kansa zai kawo wannan shawara, wanda kuma ya yi ta kewaye-kewaye idan aka tambaye shi, abin a yi hattara da shi ne.

Haƙƙin mallakar zanen da umarnin kwamfutar da aka rubuta shi ma ba ya bin kuɗi kai tsaye kamar yadda ake zato. A Amurka da Birtaniya, alal misali, abin da ɗan kwangila mai zaman kansa ya ƙirƙira yakan zauna a hannunsa ne sai an miƙa shi a rubuce. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa ya dace a rubuta a yarjejeniya. A rubuta har da wanda zai riƙa sabunta manhajar shafin, da wanda zai riƙa ajiye kwafinsa, da wanda za a kira idan ya faɗi cikin dare, domin shafin da aka bari ba sabuntawa shi masu kutse suka fi samu a sauƙaƙe.

## To, ƙirƙirarriyar basira ta sauya lissafin?

Ta sauya wani ɓangare. Abin da a da ke ɗaukar mako, wato fito da zanen gwaji, yanzu yana iya fitowa a zama ɗaya, kuma wannan alheri ne ga hulɗar mutanen biyu: mai aikin da ya kasa bayyana abin da ke ransa zai iya haɗa wani abu ya kawo ya ce ga irin abin da nake nufi, mai tsarawa kuma ya nuna masa hanyoyi uku maimakon ɗaya. Wanda buƙatarsa shafi guda ne mai suna da bayani da lambar waya, mai yiwuwa ya iya yi da kansa, kuma babu aibu a ciki.

Sai dai na'urar ba ta san wace rana likitan ido ke zama ba. In ba a gaya mata ba, za ta iya ƙirƙiro rana ta rubuta da cikakken tabbaci, ta ƙara da yabon abokan cinikin da ba su taɓa wanzuwa ba, da alƙawarin mayar da kuɗi wanda kamfanin bai taɓa yi ba. A 2024 wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin jiragen sama na Air Canada ya biya wani fasinja diyya, bayan manhajar hira da ke shafinsa ta ba shi bayanin rangwame da ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin. Kamfanin ya yi ƙoƙarin nesanta kansa da abin da manhajar ta faɗa, kotun ta ce duk abin da ke shafinsa alhakinsa ne. Don haka da saurin fitowar zane da rubutu, aikin mai shafi na karanta kowane layi kafin a wallafa ya ƙaru ne, kuma sunan wanda zai yi wannan karatun ya kamata ya shiga yarjejeniya tare da sauran.